Kuɗin Cefane Ba Ya Ƙarya

Akwai wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango a gidana, irin wanda ake saya wa 'yan firamare. Uwargida ce ta zaro shi daga jakar yaronmu a farkon shekarar 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi, sa'ad da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen tumatir a hannu. Mai kantin unguwarmu ya yarda ya riƙa ba mu kaya bashi, ita kuma don gudun saɓani ranar biya sai ta fara rubuta duk abin da aka karɓo. Wahalar takardun kuɗi ta wuce, rubutun bai tsaya ba. Yanzu tana kan littafi na huɗu.

Wata safiyar Asabar na ajiye kuɗin cefane a gaban madubi kamar yadda na saba, na juya zan fita. Sai ta ce, "Malam, ɗan zauna mana, ba zan tsare ka ba." Ta ɗauko littafin farko ta buɗe a cinyarta, ta ajiye na yanzu a gefe. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya: shinkafa, man gyaɗa, kayan miya, sabulun wanki, kuɗin niƙa, har da ɗan nama. Ta ce, "Irin abin da ka ajiye yau, shi ya sayo duk wannan a wancan lokacin, har canji ya dawo." Sannan ta juyo mini shafin jiya. Layi uku ne kacal, kuɗin sun ƙare a na ukun. Ta rufe littafin ta ce, "Ban ce ka ƙara ba, na san kana iyakar ƙoƙarinka. So nake ka gani da idonka, don kada wata rana ka zaci hannuna ne yake yoyo."

Maganar nan ta ƙarshe ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Na shekara ina musu a majalisa a kan tattalin arziki, ina kawo abin da na ji a rediyo da wanda na gani a waya, alhali cikakken bayanin halin da ƙasa ke ciki yana ajiye a ɗakin matata, an rubuta shi da biro. Tun daga ranar na yanke wa kaina hukunci, shi ne kuma abin da nake so in faɗa a wannan shafi: duk ra'ayin siyasar da bai bi ta ɗakin girki ba, ra'ayin aro ne. Ma'aunin shugaba na gaskiya yana cikin kuɗin cefane, kuma waɗanda suka fi kowa iya karanta wannan ma'auni su ne muka fi ƙin tambaya.

Wanda ya bi shafukan littafin nan a hankali zai ga tarihin Najeriya na 'yan shekarun nan, ko da yake babu sunan shugaba ko guda a ciki. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square da ke Abuja ya ce tallafin man fetur ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500, kafin Oktoban 2024 ya ƙare kuwa ta haura naira 1,000. A littafin uwargida abin da ya fara motsi shi ne kuɗin adaidaita sahu na kai yara makaranta, sai kuɗin markaɗe ya bi baya, sai tumatir da attarugu, domin kowane kwando da ya sauka a kasuwar 'Yankaba mota ce ta kawo shi.

A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Wannan kuma ya fito a shafin madara da sukari da fulawa da maganin kemis, duk abin da ake shigowa da shi ko ake shigo da kayan haɗa shi. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka yi sanyi, motocin kaya suka yi layi suna ruɓewa, dangi a Katsina da Maraɗi suka koma gaisawa ta waya. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato kuwa manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, wani lokaci ya sake biya kafin ya girbe. Abin da ya hana hatsi fitowa daga ƙauye dole ya bayyana a kasuwar hatsi ta Dawanau, abin da ya bayyana a Dawanau kuma dole ya iso bakin murhu.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta taɓa kashi 40 a tsakiyar shekarar. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, a daidai lokacin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin wannan albashin gaba ɗayansa. Kuma mu tuna mafi yawan magidantan Arewa ba su da albashi ko kaɗan. Ɗan dako ne, da tela, da mai faci, da mai tura ruwa, waɗanda sai sun fita a ranar ake ɗora tukunya.

Alƙaluma suna faɗin yadda farashi ya tashi, amma ba sa faɗin abin da gida ya sauke daga kansa don ya iya ɗaukar nauyin. Nama ne ya fara fita daga miya, ya koma baƙon ranar Juma'a. Ƙwai ya bi shi. Shayi da burodi suka bar wa koko wuri, a wasu gidajen kokon ma babu ƙosai. Gas ya gagara aka koma gawayi, gawayi ya yi tsada aka koma itace, hayaƙi yana cin idon mata. A 2024 har shinkafar afafata, wadda a da masu casa ke warewa gefe a sayar wa masu kiwo, ta shiga tukunyar mutane. Uwa kan ce ta ƙoshi alhali ba ta ci ba, don abincin ya kai ga auta. Uba kan sayi rabin maganin da likita ya rubuta, ya ce sauran sai an ga hali. A Oktoban 2024, da wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa sama da mako guda, wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda ke riƙe da marayu huɗu da sayar da ƙanƙara da zoɓo, ta cinye jarinta kaf kafin wuta ta dawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanon maƙwabta. Mun tashi mun ga in an kwashe tuwon dare, akwai kwanon da ake miƙa wa yaro ya kai gidan tsohuwar da ke bayan layi, akwai na almajiri, akwai na baƙon da Allah zai kawo. Wannan kwano shi ne tsarin tallafinmu tun kafin a san wata hukumar jin ƙai. Yau a gidaje da yawa an kife shi, kuma masu gidan suna jin kunyar hakan. An ce zumunci a ƙafa yake, to yanzu ƙafar sai da kuɗin mota. Matar da a da ba ta wuce wata guda ba ta leƙa gidan iyayenta ba, yau sai ta yi wata huɗu. Ana haihuwa a dangi a tura barka ta WhatsApp. Wannan asara ce da ba ta shiga rahoton kowace hukuma, kuma ita ce za ta fi wuyar maidowa.

Sai kuma abin da talauci ke yi wa aure. Maigida ya fita da safe ya bar abin da ya san ba zai isa ba, ya dawo da dare fuska a ɗaure tun daga ƙofa don kada a yi masa maganar. Matar ta wuni tana ƙulle-ƙullen yadda za ta raba ɗaya ta zama uku, ta karɓi adashinta ta cike giɓin, ta sayar da 'yan kunnenta ba ta faɗa ba. Shi yana ganin ba a gode masa, ita tana ganin ba a san wahalarta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fushin da ya kamata ya nufi waɗanda suka tsara manufofin ƙasa sai ya sauka a kan wadda ke kusa, ita kuma ta sauke a kan yara.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, al'adarmu ce mu haɗu a gidan Inna a cikin gari. Yayanmu mutumin gwamnati ne a ra'ayi, autanmu kuwa ɗan adawa ne na gani-kashe-ni. Wata Juma'a musu ya kaure a tsakar gida. Yaya ya ce, "Kai yaro ne, me ka sani game da riƙe ƙasa? Gyara ake yi, gyara kuwa sai an sha wuya." Auta ya ce, "Yaya, da girmanka, irinku ne kuka kai mu inda muke." Yaya ya miƙe ya ɗauki hularsa yana neman takalmi, yana cewa ba zai zauna ƙaramin yaro ya ci masa mutunci ba.

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, don haka sai ta ce, "Kai, dawo ka zauna. Kai kuma auta, kama bakinka, yayanka ne." Ta ajiye faifan. "Watan jiya da na kwanta asibiti, a cikin mutanen nan da kuke neman raba zumunci a kansu, wa ya zo duba ni? Ku ne kuka yi karo-karo kuka biya. To in musun za ku yi, ku yi mini a kan abin da zan gane. Maganin hawan jinin da nake sha kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Asibitin unguwar nan in ka je sai a rubuta maka takarda a ce ka fita waje ka saya. Famfon gidan nan rabonsa da ruwa tun kafin azumi. Wa zan tambaya? Ku da kuka yi boko, ku faɗa mini sunansa."

Tsakar gidan ta yi tsit. Mu uku, kowa na iya jero ministoci, kowa ya san wanda ya sauya sheƙa a makon nan da wanda ake rade-radin zai tsaya takara. Babu ɗayanmu da ya san sunan kansilan mazaɓar da aka haife mu a cikinta, balle nawa ƙaramar hukumarmu ta karɓa a watan da ya wuce.

Nan ne ciwon siyasarmu yake. Mun mayar da ita son mutum da ƙin mutum. Da dare a kunna rediyo a ji sojojin baka suna jifan juna da habaici, da safe a kwaso abin da suka faɗa a kai teburin mai shayi, da rana a ci gaba a Facebook. A duk wannan hayaniya da wuya ka ji an tambayi buhun taki nawa ya isa hannun manomi na gaskiya, ko malamai nawa ne a firamaren unguwa. Ranar zaɓe kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa a ƙasar Hausa ya san layin mata yakan cika tun da sanyin safiya, da goyo a baya, su jure rana har la'asar. Su ne suka fi sanin zafin mulki, su ne kuma ake tarba da taliya da sabulu da turmin atamfa. Ban ga laifin matar da yunwa ta sa ta miƙa hannu ba, laifin yana kan wanda ya mayar da yunwarta jari. Amma dole mu faɗa wa juna gaskiya: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin nan shekara huɗu ake yi ana yin sa. Wasu kuma sun yanke ƙauna sun zauna a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Dole in yi wa Yaya adalci, domin maganarsa ba ta rasa tushe ba. Tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a shekarar 2022 kaɗai, an daɗe ana kuka da cuwa-cuwar da ke cikinsa, kuma man da aka yi wa rangwame don talakan Najeriya yana tsallaka iyaka a jarkoki da tankoki. 'Yan takara ukun da suka fi samun ƙuri'a a 2023, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun ce za su cire shi. Gaskiya ne kuma a 2025 farashin masara da shinkafa da gero ya sauko, littafin uwargida ma ya shaida haka, duk da cewa kawunmu da ke noma a ƙauye yana kukan abin da ya girbe bai mayar masa da kuɗin taki ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara cire bargo kafin a hura wuta. Da an tanadi motocin haya masu sauƙi, da hatsi a rumbu, da magani a asibitoci kafin a yi sanarwar, da raɗaɗin bai kai haka ba. Kuma mai cewa talaka ya ɗaure ciki, ya kamata a fara ganin ɗaurin a ayarin motocinsa.

Akwai kuma tambayar da auta da abokansa ba sa son yi, domin tana taɓa nasu gwanayen. Kuɗin da aka daina zubawa a tallafi bai ɓace ba. Kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya duk wata ya ƙaru ƙwarai tun daga 2023, ko wace jam'iyya ce ke mulkin jihar. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Firamare, da asibitin sha-ka-tafi, da ruwan famfo, da magudanar unguwa, ciki har da abubuwan da Inna ta lissafa, aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, mutumin da muke haɗuwa da shi a masallaci da wajen ɗaurin aure. Zagin wanda ke Abuja ba ya buƙatar jarumta, domin ba zai ji ba. Tambayar wanda ke kusa cikin ladabi, a gaban jama'a, ita ce aikin da muke gudu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, abin da ya ja talakawa zuwa ga Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa shi ne sun yi magana a kan abin da ke damun gida: haraji, da aikin tilas, da zaluncin masu riƙe da iko. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka tana neman a saurari mata, a zamanin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, cikin abubuwan farko da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi akwai soke haraji da jangali, abin da kowane magidanci da makiyayi ya ji a aljihunsa nan take. Iyayenmu sun san abin da suke nema kafin su san wanda za su bi. Mu kuwa mun riƙe hula da tuta, mun saki buƙatar.

Gyaran yana farawa daga gida, kuma ba ya cin ko kwabo. Maigida ya daina ɓoye wa matarsa abin da yake samu. Mun gaji wata al'ada ta cewa namiji ba ya bari a san cikinsa, amma wadda aka ɗora wa raba abin da bai isa ba tana da haƙƙin sanin iyakarsa. Wanda yake neman gwamna ya bayyana masa kasafin kuɗi, ya fara bayyana nasa a gida. Yara da suka tasa a zaunar da su a faɗa musu dalilin da ya sa aka sauya musu makaranta, don kada su zaci rowa ce. 'Yan'uwa su yi musu iyakar son ransu, amma a tashi a ci tuwo a kwano ɗaya, domin 'yan siyasar da ake faɗa dominsu suna haɗa auren 'ya'yansu, gobe ma suna iya wayar gari a jam'iyya guda. Sannan in lokacin zaɓe ya zo, kafin maigida ya sanar da wanda gidan zai yi, ya tambayi mai ɗaki. Ita ta san inda yake yoyo.

A waccan safiyar Asabar ban fita da wuri ba. Na karɓi biron na rubuta mata a saman sabon shafi abin da nake samu a wata, ba ragi ba ƙari, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Ta daɗe tana kallon adadin, sannan ta ce, "Ashe kai ma haka kake fama. Allah Ya buɗa mana." Muka zauna muka raba shi tare, muka ga inda za a rage da inda ba ya taɓuwa, muka kuma yarda kwanon tsohuwar bayan layi zai dawo, ko da sau biyu ne a mako.

Bayan Juma'ar gidan Inna kuma sai ta juya bangon littafin na baya ta rubuta tambayoyin Inna: magani, ruwa, ta ƙara da nata, malaman makarantar yara. Zaɓen 2027 yana tafe, masu neman ƙuri'a za su sake tuna hanyar unguwarmu. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidana, ko daga wace jam'iyya yake, za a shimfiɗa masa tabarma a ba shi ruwa kamar yadda ake yi wa baƙo. In ya sha ya huta, sai uwargida ta miƙo littafin a buɗe masa.